Amsoshin Tambayoyinku: Arthur Mitchell, gwanin rawa da ya koma malami a garejin mota

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka zaro daga jaka yau, da muka karanta sai muka ga duk ƙofa ɗaya suka nufa, don haka za mu dafa su a tukunya ɗaya.

Ta farko ta fito daga wani mai sauraronmu a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ga abin da ya ce: "Na ga bidiyon wani yaro a Legas yana juyi kamar katantanwa a cikin ruwan sama, ba ko takalmi a ƙafarsa. An ce mini sunan rawar bale. Wace irin rawa ce, kuma akwai baƙar fatar da ya taɓa yin suna a cikinta, ko ta Turawa ce zalla?"

To malam, yaron da ka gani Anthony Madu ne, yana da shekara 11 lokacin da bidiyon ya zaga duniya a 2020. Malaminsa, Daniel Ajala, ta intanet ya koya wa kansa rawar, sannan ya buɗe wa yaran unguwa makaranta kyauta. Daga baya yaron ya samu gurbin karatu a makarantar rawa ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila.

Ita kuwa rawar, a fadojin sarakunan Italiya ta tsiro a ƙarni na 15, ta ƙaura Faransa ta yi gida. Sarki Louis na 14 shi kansa ɗan rawa ne, kuma a 1661 ya kafa mata makaranta a Paris. Shi ya sa har gobe da Faransanci ake kiran kowane motsi, a Mosko ake koyarwa ko a Legas. Kai da ke Maraɗi, in ka ji malami ya ce plié, ka san lanƙwasa gwiwa yake nufi, ba sai an yi maka tafinta ba. Babu magana a cikinta, babu waƙar baki. Kiɗa ne da jiki, da su ake ba da labarin.

Batun baƙar fata kuwa, akwai su, amma sun sha wuya kafin a buɗe musu ƙofa. Shekara da shekaru masu makarantun rawa a Amurka suna cewa wai ƙirar jikin baƙar fata ba ta dace da bale ba, wai ƙafar ba ta miƙewa yadda ake so. Mutumin da ya fi kowa ƙaryata wannan zance shi ne Arthur Mitchell.

An haife shi ranar 27 ga Maris, 1934, a Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta birnin New York. Tun yana ɗan shekara 12 nauyin gidansu ya hau kansa: ya yi gogen takalmi, ya yi rabon jarida, ya yi wanke daɓe. A makaranta aka ga yadda yake taka rawa a wajen wasan yara, aka ba shi shawarar ya nemi shiga sakandaren koyon wasanni ta birnin. Ya nema, ya samu. Amma bale sosai bai kama ta ba sai da ya kai 18, lokacin da aka ba shi gurbi a makarantar bale mai suna School of American Ballet. A wannan sana'a, ɗan shekara 18 ya makara ƙwarai, domin tun ana bakwai ko takwas ake fara tanƙwara jiki, icce tun yana ɗanye. Shi da busasshe ya fara, ya kuma tanƙwaru.

A 1955 George Balanchine, wanda aka haifa a Rasha kuma yake jagorantar ƙungiyar New York City Ballet, ya ɗauke shi aiki. Ya yi ta hawa har ya zama baƙar fata na farko da ya kai sahun manyan 'yan rawan ƙungiyar. Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne wani wasa mai suna Agon, a watan Disamba na 1957, da kiɗan Igor Stravinsky. Ba ado a dandalin, ba kayan sarauta. Shi farar riga da baƙin wando matsattse, abokiyar rawarsa Diana Adams kuwa Baturiya ce 'yar jihar Virginia. Akwai wurin da take tsaye a kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a miƙe ta baya, sai shi ya zube ƙasa ya kwanta rigingine yana riƙe da hannunta, yana jan jiki a hankali yana juya ta. In hannunsa ya yi rawa kaɗan, ta faɗi. Mitchell ya sha ba da labarin yadda Balanchine ya riƙa kula da inda baƙin hannu zai sauka a kan farin hannu, domin da gangan ya sa launin fatarsu cikin tsarin wasan.

Ku tuna da shekarar. Watanni uku kafin nan, sai da shugaba Eisenhower ya aika sojoji garin Little Rock kafin yara tara baƙar fata su iya shiga sakandaren Turawa. A jihar da aka haifi Diana Adams, aure tsakanin baƙi da fari laifi ne har zuwa 1967. An ɗauki shekaru kafin gidajen talabijin na kasuwa a Amurka su yarda su nuna wannan rawa. Na san wani mai sauraro zai ce ai mace da namiji su riƙe juna a bainar jama'a ba tarbiyyarmu ba ce. Gaskiya ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai waɗanda suka tayar da jijiyar wuya a Amurka ba kunya ce ta dame su ba, tunda kullum suna kallon Bature da Baturiya suna irin wannan rawa suna tafi. Fatar Mitchell ce ta tsaya musu a wuya.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Kumasi, ƙasar Ghana. Ta ce: "Na ji an ce masu wannan rawa kamar 'yan ƙwallo suke, da wuri ƙarfinsu ke ƙarewa. To in sun daina, me suke komawa?"

Malama, abin da kika ji haka yake. Yawancinsu tsakanin shekara 35 zuwa 40 gwiwa da ƙugu da idon sawu ke cewa sun gaji. Wasu su koma tsara wasanni, da yawa su koma koyarwa. Kuma a nan ne, a ganina, labarin Mitchell ya fi nauyi. Agon ya nuna mutum ɗaya ya iya, kuma mutum ɗaya ana iya cewa dace ya yi. Abin da ya yi daga baya ne ya rufe bakin masu gardama.

A 1968 yana kai da kawo tsakanin New York da Birazil, inda aka ba shi aikin kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa. Yana kan hanyar filin jirgi ya ji labarin an harbe Martin Luther King, ranar 4 ga Afrilu. Sai ya tambayi kansa dalilin da zai je ya gina wa wasu gida alhali nasu na yoyo. Ya koma Harlem, ya fara koyarwa a ɗakin ƙarƙashin wani coci, daga nan ya koma wani tsohon garejin mota. Dala 25,000 na ajiyarsa ya zuba. Da yara 30 ya fara, kafin 'yan watanni sun kai 400. A 1969 shi da tsohon malaminsa Karel Shook, wanda Bature ne, suka kafa Dance Theatre of Harlem, makaranta da ƙungiyar wasa a haɗe.

Ke da kike malama, dabararsa za ta ba ki sha'awa. A buɗe yake barin ƙofa, mai wucewa ya leƙo, in ya ga dama ya shigo. Samarin unguwa suna ganin matsattsen wando abin kunya ne, sai ya ce su zo da yankakken wandon jins ɗinsu. Ya sa ana buga musu ganga. Ya lura ƙwallon kwando ne a ransu, sai ya nuna musu cewa wanda ya iya lanƙwasa gwiwa da kyau shi ke fin kowa tsalle. Da yaro ya shigo hannu kuwa, sai aikin gaske: a tsaya a gaban madubi, hannu ɗaya a kan sandar da aka kafa a jikin bango, a lanƙwasa, a miƙe, a ja ƙafa a daɓe, a dawo da ita, sau ba adadi, kusan awa ɗaya da rabi kowace safiya. Babban gwani ma da wannan yake fara yininsa har ranar da zai yi ritaya. Wanda rawa ba ta karɓe shi ba a makarantar, akwai ɗinkin kayan wasa da aikin fitilun dandali.

Ba zan ɓoye miki ba, malami ne mai zafi. Tsofaffin ɗalibansa mata sun faɗi yadda yake tsawa, da yadda yake matsa musu a kan ƙiba, har wasu suka daɗe da tabon a zuciya. Har shigar da za su yi a titi sai ya sa baki, domin a ganinsa duk inda suka taka, da su za a auna baƙar fata gaba ɗaya. Ina fahimtar dalilinsa, amma kaya ne mai nauyi a ɗora wa 'yar shekara 17.

Akwai kuma wani abu da ya yi wanda ke taɓa ni duk sanda na tuna. Tanaquil Le Clercq, 'yar rawar da ya yi rawarsa ta farko a ƙungiyar New York City Ballet da ita a 1955, cutar shan-inna ta kama ta a Kopenhagen a 1956 tana tsakiyar ganiyarta, ba ta sake takawa ba. Mu nan ba sai an yi mana bayanin shan-inna ba. Mitchell ya je ya lallashe ta ta zo makarantarsa. Shekaru ta yi tana koyarwa daga kan keken guragu, tana nuna wa yara motsin ƙafa da hannuwanta da yatsunta.

Ƙungiyar Dance Theatre of Harlem ta fara fita a hukumance a 1971 a gidan tarihi na Guggenheim. A 1984 suka ɗauki Giselle, tsohon wasan Faransa na 1841 da ke ba da labarin wata 'yar ƙauye a Jamus, suka mayar da shi jihar Louisiana cikin baƙaƙen fata 'yantattu, ba tare da sun taɓa asalin takun ba, suka ci lambar yabo ta wasannin dandali mai suna Laurence Olivier a Landan. Sun je Tarayyar Sobiyet a 1988, sun je Afirka ta Kudu a 1992 lokacin da mulkin wariyar launin fata ke shure-shuren mutuwa. Kuɗi ne ya kayar da su: a 2004 bashin da ya haura dala miliyan 2 ya sa aka dakatar da ƙungiyar wasan har shekara takwas. Virginia Johnson, ɗaya daga cikin 'yan rawansa na farko, ita ta karɓi ragama ta tayar da ita. Cikin waɗanda suka shigo a wannan sabon zubi akwai 'yar yankinmu, Michaela DePrince, marainiyar yaƙin Saliyo da aka haifa a 1995, wadda daga baya ta yi suna a ƙasar Holan, ta rasu a 2024 tana da shekara 29. Shi Mitchell ya rasu ranar 19 ga Satumba, 2018, yana da shekara 84.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani tela a Garwa, ƙasar Kamaru: "Takalmin da matan ke tsayawa da shi a kan yatsu, ƙarfe ne a ciki ko katako?"

Maigida, ba ko ɗaya. Ƙyalle ne da takarda ake jerawa hawa-hawa, a shafe da gam har bakin takalmin ya yi tauri, a rufe da yadin satin. Sabo yana da ƙarfi da ƙara, don haka za ka ga 'yar rawa tana buga shi a daɓe ko tana matse shi a ƙofa don ya yi laushi, ita kuma ke ɗinka masa igiyoyinsa da hannunta. Gumi da nauyi ke cinye gam ɗin, babbar 'yar rawa na iya kashe takalmi a dare ɗaya. Ba a sa wa yarinya shi sai ta kai kimanin 11 ko 12, ƙashin ƙafa ya yi ƙwari. Maza galibi ba sa sawa.

Kai da ka san yadi, ga abin da zai ba ka mamaki. Launin ruwan hoda aka saba yi wa takalmin da safar, don su saje da fatar Baturiya, ƙafa ta yi kamar ba ta yanke ba tun daga cinya har yatsa. A jikin baƙar fata kuwa sai ya raba ƙafar biyu. Tun a shekarun 1970 Mitchell ya sa ana rina wa kowace 'yar rawa safa da takalmi daidai da fatarta. A wasu wuraren, baƙaƙen 'yan rawa da hodar kwalliya ta ruwa da soso suke zama suna shafe kowane sabon takalmi da kuɗin aljihunsu. Kamfanin Freed na Landan, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, sai a ƙarshen 2018 ya fito da masu ruwan ƙasa, a shekarar da Mitchell ya bar duniya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.