Jack da Kate McQuesten: gidan da ya riƙe mahaƙan zinariyar Yukon

Ku dubi kwalaben nan guda huɗu da aka jera a bakin taga. Ta farko zaiba ce a ciki, ta biyu kananzir, ta uku ruwan citta na magani, ta huɗu kuma wani maganin ciwon jiki mai suna Perry Davis' Painkiller. Wannan shi ne ma'aunin sanyi na wani ɗan tireda da ake kira Jack McQuesten, a can ƙuryar arewa maso yammacin Kanada. Zaiba tana daskarewa idan sanyi ya kai wajen digiri 39 ƙasa da sifiri. In ta daskare, matafiyi ya yi hattara. In kananzir ya bi ta, mai hankali ba ya nisa da gida. In kuwa aka girgiza kwalba ta huɗu aka ji shiru, to ko da kuɗi aka kira ka, ka zauna gindin murhu.

A irin wannan ƙasa aka kafa ƙungiyar Yukon Order of Pioneers, wato ƙungiyar 'yan sahun farko na Yukon, ranar 1 ga Disamba, 1894. McQuesten ne shugabanta na farko. Amma kafin mu shiga ɗakin taron, sai mun fara shiga gidansa, don daga can labarin ya taso.

Sunansa na yanka Leroy Napoleon McQuesten, an haife shi a 1836 a arewa maso gabashin Amurka. Tun yana saurayi ya bi sahun masu neman zinariya, ya je kogin Fraser a 1858, daga baya ya koma cinikin fatun namun daji. A 1873 ya shigo kwarin kogin Yukon, shekara shida bayan Amurka ta sayi Alaska daga hannun Rasha kan dala miliyan 7.2. A wannan shekarar ma wasu mutum biyu suka iso, waɗanda za su zama abokan kasuwancinsa na tsawon shekaru: Arthur Harper, mutumin Ayalan, da Alfred Mayo, wanda a da ɗan wasan tsalle-tsalle ne a gidan nishaɗi.

A 1874 McQuesten ya gina shagon Fort Reliance a bakin kogi, a ƙarƙashin kamfanin Alaska Commercial Company. Ga wani abin da zai nuna muku matsayin shagon. In kun duba taswira za ku ga koguna biyu, ɗaya Fortymile, ɗaya Sixtymile, wato mil arba'in da mil sittin. Daga ƙofar shagon nan aka fara ƙirgen.

To, ba daji ba kowa ya tarar. Mutanen Hän suna zaune a wannan yanki tun kaka da kakanni, suna kama kifi da rani, suna farauta da sanyi. Ƙasa da su a kan kogin akwai Gwich'in, sai Koyukon. Baƙon da bai jin yare, bai san inda kifi ke bi ba, bai iya ɗinka takalmin fata ba, ba zai ga bazara biyu a nan ba. Mutanen nan uku duk sun auri matan Koyukon.

Matar McQuesten ita ce Satejdenalno, wadda aka fi sani da Kate. An haife ta a 1860, uwarta 'yar Koyukon, ubanta Barashe, ta kuma yi karatu a makarantar mishan ta Rashawa a ƙasan kogin. Sun yi aure a 1878, tana da shekara 18, shi kuwa ya haura 40. Tana jin Koyukon da Rashanci da Ingilishi. Ku auna abin da wannan ke nufi a shagon da maharbi zai shigo da fatu yana magana da yarensa, ma'aikacin kamfani na magana da nasa, mahaƙi na magana da nasa. Ita ce tafinta, ita ce mai sasanta ciniki in ya so ya lalace, ta dalilinta kuma mijin ya zama suruki a wurin mutanen kogi maimakon baƙo. Duk wanda ya san yadda fatake ke dogara da mai masauki a garin da ba nasu ba, ya gane aikin da take yi.

Ga kuma gida. 'Ya'ya da yawa ta haifa, ana ƙaura da su daga wannan shago zuwa wancan. Tana noman lambu a ƙasar da damunarta ba ta wuce 'yan watanni ba, tana busar da kifi, tana ciyar da duk wanda ya faɗo. Kogi yana daskarewa fiye da rabin shekara, jirgin ruwa mai kawo kaya sai da rani yake iya hawowa. Abin da aka ajiye kafin ƙanƙara ta rufe hanya, shi za a ci har ta narke.

Shi kuma Jack, bashi ne ya yi masa suna. Mahaƙi zai zo hannu rabbana, ya ce bara bai samu komai ba. Jack ya ba shi gari da wake da naman gwangwani da shebur da kwanon wanke zinariya, ya rubuta a littafi, ya ce sai ka dawo. Wani ya dawo ya biya, wani ya dawo ya ƙara cin wani bashin a kan na da. Kada a ɗauka sadaka ce zalla. Ɗan kasuwa ne, ya san in babu masu yawo a rafuka ba wanda zai tono komai, in ba a tono ba shagonsa ya mutu. Amma dai ya yi haƙurin da 'yan kasuwa kaɗan ke iya yi, shi ya sa suka riƙa ce masa Uban Yukon.

A 1886 aka samu zinariya mai gwaɓi a kogin Fortymile, gari ya tashi a bakinsa mai suna Forty Mile. A 1893 wasu 'yan ƙasa biyu da McQuesten ya ba guzuri, Pitka Pavaloff da Sergei Cherosky, suka samu zinariya a rafin Birch da ke ɓangaren Alaska, daga nan garin Circle City ya fito.

Yanzu ga matsalar da ta haifi ƙungiya. A shekarun farko babu alƙali, babu ɗan sanda. In an yi rikici sai a kira taron mahaƙa, kowa ya faɗi nasa, a ɗaga hannu, a yanke hukunci. Lokacin da kowa ya san kowa, tsarin ya yi aiki. Da baƙi suka yi yawa, aka fara yin taron a mashaya, hukunci ya koma na wanda ya fi yawan abokai. Tsofaffin hannu suka ga abin da suka saba yana sulalewa: barin ƙofar bukka a buɗe don matafiyi, sanar da kowa in an samu sabon rafi, jinyar wanda ya kwanta, binne wanda ya mutu ba dangi. Sai suka taru a Forty Mile suka ɗaure waɗannan ɗabi'u da rantsuwa. Takensu shi ne ka yi wa mutum abin da kake so a yi maka, alamarsu kuma ma'aunin kafinta mai naɗewa, na zinariya. Da farko sai wanda ya shigo ƙasar tun wajen 1888 ko kafin nan ake karɓa.

Ba su san lokacinsu ya kusa ƙarewa ba. A 1895 Sufeto Charles Constantine ya sauka da 'yan sandan Kanada, taron mahaƙa ya rasa ƙarfinsa. A watan Agustan 1896 kuma Skookum Jim da Dawson Charlie da George Carmack suka samu zinariya a yankin kogin Klondike, 'yan mil kaɗan daga tsohon Fort Reliance, inda McQuesten ya yi shekaru yana ciniki. Forty Mile da Circle City suka watse kusan dare ɗaya, dubban mutane suka kwararo garin Dawson, mutanen Hän kuma aka matsar da su daga bakin Klondike zuwa Moosehide.

Harper bai ci moriyar abin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana nema ba, tarin fuka ya kashe shi a 1897. Ɗansa Walter, wanda uwarsa ta raina cikin danginta, shi ne mutum na farko da ya taka ƙololuwar Denali, dutse mafi tsayi a nahiyar Amurka ta Arewa, a 1913. McQuesten ya fita da dukiya. Ya kwashe iyalinsa zuwa Berkeley a Kalifoniya, ya mallaki katafaren gida, ya rasu a 1909. Kate ta ci gaba da riƙon dukiyar da karatun yaran har rasuwarta a 1921, nesa ƙwarai da kogin da aka haife ta.

Ita dai ba ta taɓa zama 'yar ƙungiyar ba, don ta maza ce. Ni a ganina nan ne sunan 'yan sahun farko ya yi wa tarihi ƙwange: matar da danginta suka riga kowa zuwa, wadda ta ciyar da masu rantsuwar, tana waje. Kusan shekara ɗari bayan haka wata mata a Dawson, Madeleine Gould, ta nemi shiga aka hana ta. Magana ta kai Kotun Ƙolin Kanada, a 1996 kotu ta ba ƙungiyar gaskiya.

Har yau 'yan ƙungiyar suna fitowa jerin gwano a Dawson duk watan Agusta, ranar tunawa da gano zinariya. Forty Mile kuwa, a 2023 wutar daji ta cinye yawancin tsofaffin gine-ginensa. A wannan shekarar ce kuma hukumar UNESCO ta sa Forty Mile cikin wuraren tarihi na duniya da sunansa na yaren Hän, Ch'ëdähdëk, tare da Fort Reliance.