Lasifikar kwali da abin da yaro zai koya a cikinta

Assalamu alaikum malamai da iyaye. To yau kan lasifikar da yara ke haɗawa da hannunsu za mu yi magana, wato ka samo kwalin nan na tsakiyar tishu ka tsaga shi daidai faɗin waya, ka huda kofin roba guda biyu ta gefe ka cusa bakin kwalin a ciki, sai ka soka gindin wayar a tsagar ka kunna karatu. Nan take yaro zai ce malam sauti ya ƙaru! To dan Allah a nan nake so ku tsaya da shi, kar ku ce masa eh kawai ku wuce.

Saboda kwalin nan ba batir a ciki, ba lantarki, bai ƙara wa wayar ƙarfi ko kaɗan ba. Abin da ya faru shi ne da can sautin watsewa yake ta ko'ina, yanzu kuma kofin ya tattaro shi ya turo shi wajen kunnenka, sannan iskar da ke cikin kwalin ita ma tana karkarwa tare da shi shi ya sa za ku ji muryar ta ɗan yi kauri. Ku dubi kakakin fada, wajen busawa siriri ne can ƙarshe ya buɗe baki, ai dabarar kusan ɗaya ce.

Amma kafin nan sai yaro ya gani da idonsa cewa sauti karkarwa ne. Ku ɗaure leda a bakin kwano ta yi tam, ku barbaɗa gishiri a kai, ku kawo wayar dab da ita ku ƙure ƙara, wallahi za ku ga gishirin yana tsalle, ba yaron da zai ga wannan ya manta. Daga nan sai ka gaya masa a iska sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa da damina muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa, in ya ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu to nisan ya kai kilomita 1 ke nan.

Ni abin da ya fi damuna shi ne a yi abin a kai gida a matsayin ado shi ke nan. A'a, ku sa su gwada. Wannan ya sa wayar a ƙwarya, wancan a gwangwanin madara, wani a tukunyar ƙasa, kar a taɓa ƙarar wayar, yaro ɗaya ya riƙa ja da baya yana ƙirga taku har ya daina jin kalmomin, a rubuta a allo. Sai kuma ku cusa tsumma a cikin kofin su ji yadda sautin zai dushe, ku tambaye su ina ya tafi, kuma ku yi haƙuri kar ku riga su ba da amsa.

Sai dai ku kula kar su manna kunne a bakin kofi alhali an ƙure ƙara, ƙara mai yawa tana lalata ji kuma in ya lalace ba ya dawowa. To mai tambaya bismillah.