Amsoshin Tambayoyinku: Me za a karanta kan yaƙin tsibirin Gwadalkanal?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makarantar sakandare a Zariya. Ya ce yana koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, amma duk abin da ke hannunsa labarin Hitila ne da Turai. Yana son a ba shi sunan littafin da zai karanta kan gumurzun Amurkawa da Japanawa a tsibirin Gwadalkanal.

To Malam, Allah ya ƙara basira. Gwadalkanal yana cikin tsibiran Solomon, a kudancin tekun Fasifik, arewa maso gabas da Ostireliya, kuma a kansa Honiara babban birnin ƙasar yake a yau. Abin da ya jawo rikici filin jirgin sama ne. Japanawa suka fara gina shi, kuma da sun gama, da jiragensu sun tare hanyar ruwa tsakanin Amurka da Ostireliya. Ranar 7 ga Agusta 1942 sojojin kundumbala na Amurka, ƙarƙashin Janar Vandegrift, suka sauka suka ƙwace filin, suka sa masa suna Henderson. Daga nan aka shiga wata shida ana kai ruwa rana a tudu da teku da sama, har farkon Fabrairu 1943 da Japan ta kwashe ragowar sojojinta, mutum dubu goma da 'yan kai.

Littafin da kowa ke fara ambata shi ne Guadalcanal Diary na Richard Tregaskis, ɗan jaridar da ya sauka tare da sojojin, wanda aka buga a 1943. Yana da daɗin karatu, Turancinsa ba wuya, ɗalibanka ma za su iya bi. Sai dai ka riƙe abu biyu a ranka. An rubuta shi ana tsakiyar yaƙi, lokacin da hukumar soja ke tace duk abin da ɗan jarida ya aika gida. Kuma labarin ya tsaya ne a ƙarshen Satumba, tun kafin manyan faɗace-faɗacen Oktoba da Nuwamba. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka jarumtar sojan ƙasa ce kaɗai ta ci yaƙin.

Ba haka ba ne, kuma a ganina wannan ne abin da ya fi cancanta ka kai wa ɗalibanka. Yaƙin Gwadalkanal yaƙin abinci ne da jigilarsa. Kwana biyu da saukar Amurkawa, jiragen ruwan Japan suka afka musu cikin dare kusa da tsibirin Savo, suka nutsar da manyan jiragen yaƙi huɗu, uku na Amurka, ɗaya na Ostireliya mai suna Canberra. Jiragen dakon kaya suka janye ba su gama sauke kayan ba, sojojin da ke tudu suka koma cin shinkafar da Japanawa suka gudu suka bari. Daga baya reshe ya juye da mujiya. Jiragen saman filin Henderson suka hana jiragen ruwan Japan motsi da rana, sai da dare suke zuwa a guje, har ta kai suna cika ganguna da shinkafa, su ɗaure da igiya, su jefa a ruwa ko sojojinsu sa jawo. Yawanci ba sa isa. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kashe sojojin Japan fiye da harsashi, har su da kansu suka riƙa kiran wurin tsibirin yunwa.

Don haka idan littafi ɗaya aljihunka zai ɗauka, nemi na Richard B. Frank, mai suna Guadalcanal kawai, na 1990. Shafukansa sun kusa 800, ba na karantawa a zaune ɗaya ba ne, kuma wani wurin lissafin jirage da rundunoni zai gajiyar da kai. Amma Frank ya yi abin da na gabansa ba su cika yi ba: ya shiga tarihin yaƙin da gwamnatin Japan ta wallafa, ya jera shi da bayanan Amurka, yadda kowane dare za ka ga abin da kowane ɓangare ya sani da abin da ya yi zato. In ka fi son labari mai gudu, akwai Neptune's Inferno na James Hornfischer, na 2011, wanda ya tsaya kan teku. A can za ka ga cewa matuƙan ruwan Amurka da suka mutu sun ninka sojojin tudunta wajen sau uku, kuma a dare ɗaya, 13 ga Nuwamba, an kashe musu manyan hafsoshin ruwa biyu, Callaghan da Scott. A wannan daren akwai wani kyaftin na Japan, Tameichi Hara, a jirginsa Amatsukaze. Ya tsira, ya rubuta Japanese Destroyer Captain, inda bai raga wa shugabanninsa ba. Karanta shi tare da na Hornfischer, ka ji dare ɗaya daga baki biyu.

Kada kuma ka manta da masu ƙasar. Martin Clemens, jami'in mulkin mallakar Ingila da ya ɓuya a tsaunuka yana leƙen asiri, ya rubuta Alone on Guadalcanal. Mutanen Solomon ne idonsa da ƙafarsa. Cikinsu akwai Jacob Vouza, tsohon sajemanjan 'yan sanda, wanda Japanawa suka kama da ƙaramar tutar Amurka a jikinsa, suka ɗaure a bishiya suka sassoke da banati. Ya tattauna igiyar da haƙora, ya ja jiki har sansanin Amurkawa ya gargaɗe su cewa hari na tafe. Ya rayu har 1984.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Jos. Ta ce kakanta tsohon soja ne, ya kan ce ya yaƙi Japan, shin ko a irin waɗannan tsibiran ne?

Hajiya, Allah ya jiƙan magabata. Sojojin Najeriya ba su je Gwadalkanal ba. Inda suka haɗu da Japanawa shi ne Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ƙarƙashin tutar Ingila, a runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, a yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan, daga ƙarshen 1943 zuwa 1945. Akwai kuma bataliyoyin Najeriya da suka shiga Chindits, wata runduna ta musamman ta Ingila, a 1944, suka yi yaƙi a bayan layin abokan gaba. Hausa ce yaren bariki a rundunonin Najeriya, Turawan hafsoshi ma sai da suka koya. Nemi War Bush na John Hamilton, wanda hafsa ne a runduna ta 81, da Another Man's War na Barnaby Phillips, na 2014, labarin Isaac Fadoyebo da wani iyali a Bama suka ɓoye bayan an harbe shi. In kuma ƙagaggen labari kike so, Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta Burma Boy a 2007, kuma mahaifinsa ma ya yi yaƙi a Bama. Idan akwai lambobin yabo ko takardar sallamar kakanki a gida, duba su, sukan nuna bataliyar da mutum ya yi aiki, daga nan sai ki san babin da za ki buɗe.