Amsoshin Tambayoyinku: Sanya Magudana da Injin Ruwa a Tsohon Kwamin Kankare

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Katsina. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, saboda haka da gajerun zan fara. Tare da ni akwai wani mai aikin famfo da ya daɗe yana haɗa wa masu kiwon kifi bututu. Malam, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai, Hajiya.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Mai'aduwa yana son sanin yawan ruwan da kwaminsa ke ɗauka. Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da ma'aunin mita, ka ninka su, abin da ya fito ka ninka shi sau 1,000, to lita ke nan. Wata ɗaliba daga Dutsin-Ma kuma ta ce ruwanta ya yi kore, tana tsoron kifinta zai mutu. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, gansakuka ce, kuma kore kaɗan ba ya kashe tarwaɗa. Wari shi ne alamar da za ki ji wa tsoro.

Sai wasiƙar da za mu daɗe a kanta, domin mutane da dama sun aiko da irinta. Wani Alhaji ne daga Daura ya ce yana da kwamin kankare a lambun gidansa, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi mita 1, an gina shi ba tare da magudana ba. Duk ranar canjin ruwa yaran gida ne ke kwashewa da bokiti, injin sumo da ya jefa ciki kuma kullum cikin toshewa yake. Yana so ya huda magudana, ya kuma mai da injin waje. Ranka ya daɗe, lita 6,000 fa ke nan, wato bokiti 300 in mai cin lita 20 ne. Ai yaran nan sun cancanci tukuici mai kauri. Malam, me za ka ce masa?

Baƙo: To Hajiya, laifin daga wajen gini yake farowa. Sau da yawa birkila yakan gina kwami kamar yana gina ɗaki, ya shafe daɓen sumul ba gangare, alhali kashin kifi da ragowar abinci ƙasa suke kwanciya, kuma ba sa tafiya sai sun ga gangare. Na sha zuwa gida in tarar an kashe kuɗi a fenti da ado, amma ba wanda ya tambayi ta inda ruwan zai fita. Wasu ma ba sa barin simintin ya sha ruwa ya yi ƙwari kafin su cika.

Mai gabatarwa: Gaskiya ne Malam, amma na Alhaji an riga an gina. Yanzu ina mafita?

Baƙo: Mafita tana nan. Ya kwashe kifin zuwa wani mazubi, ya zubar da ruwan, sai ya watsa bokiti ɗaya a daɓen ya ga inda ruwan ya taru, domin nan ne wuri mafi ƙasa. A jikin bangon da ke kusa da wurin, dab da daɓe, za a huda, kuma da injin huda kankare za a yi. Kada ya yarda a sa guduma da cizal, saboda dukan yana tsaga bango, tsagar da ido ba ya gani sai ruwa ya cika ta fara tsatsafa. Bututun roba mai inci 3 ya wadatar. Amma roba ba ta kama siminti, don haka a kankare bayan bututun, a shafa masa gam, a barbaɗa yashi ya bushe, sannan a cike gefensa ciki da waje da siminti mai maganin hana yoyo. A waje a sa gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗin bututu, da bututu a tsaye wanda tsawonsa ya kai bakin ruwan kwamin. In an kwantar da shi ruwa ya fita, in an tayar ya tsaya. A ciki kuma a rufe bakin da raga don kada ƙananan kifi su bi. In daɓen ba gangare ko kaɗan, a ƙara shafe mai gangarowa zuwa bakin bututun.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu rubutawa: a huda a wuri mafi ƙasa, da inji ba da guduma ba, a kankare bututu a sa masa gam da yashi kafin siminti. To batun injin ruwan fa?

Baƙo: Injin waje ya fi son ruwa ya zo masa da kansa, saboda haka a ajiye shi ƙasa da bakin ruwan kwamin, a sa bawul tsakaninsu don ranar gyara. In dole sai ya zauna sama, a sa bawul mai hana ruwa komawa a bakin bututun tsotso, a kuma cika injin da ruwa kafin a kunna, domin in ya yi aiki a bushe robar da ke tare ruwa a cikinsa ƙonewa take yi. Bututun tsotso kada ya fi bakin injin ƙanƙanta, kuma a sa matata a gabansa. In yana so ruwan ya zagaya duka cikin awa 2, injin da ke tura lita 3,000 a awa ya ishe shi. A yi masa rumfa saboda zafin bazara da ƙurar hunturu.

Mai gabatarwa: Ni kuma ga nawa, kuma da ɗan faɗa zan faɗe shi. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kashe kifi, amma mutanenmu gaggawa gare su, yau a shafe gobe a mayar da kifi, jibi a wayi gari duk sun taso ciki sama. A bari ya yi ƙwari, a cika kwamin a bar ruwan ya kwana biyu a zubar, a maimaita haka har kamar mako biyu, sannan a gwada da kifi biyu ko uku kafin a zuba sauran. Wayar wuta kuma ƙwararre ne zai haɗa ta, da wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta da kanta, tunda akwai yara a gidan. Ruwan da aka zubar kada a sake shi a lungu ya dami maƙwabta ya tara sauro. Taki ne mai kyau, a ja shi gindin zogale da alayyafo.

Saura minti ɗaya. Wani daga Ƙofar Ƙaura yana tambaya ko sola za ta ja injin mai ƙarfin doki ɗaya. Za ta ja, amma ka sani yana cin aƙalla wat 750, lokacin tashi ma ya fi haka, sai ka auna da na'urorinka kafin ka saya. Wasiƙar Jibiya da ta Mani sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode.

Baƙo: Ni ne da godiya, Hajiya.