Sharhi: Abin da ɗan kifin ɗakin bincike ya nuna game da sankarar hanta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wani ɗan kifi da tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, wanda asalinsa daga rafuka da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladesh ne, ake kuma yi masa laƙabi da kifin jakin dawa saboda ratsin da ke jikinsa. Ba kifin ci ba ne irin tarwaɗa da karfasar da masunta ke kamawa a Haɗejiya ko Tiga. Masana sun riƙe shi ne saboda binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa, ga shi macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma 'ya'yan suna da jiki garai-garai har ana iya kallon hantarsu tana girma.

Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B, wadda kan jawo wa mutum sankarar hanta, ba ta kama kifi, don haka sai masana suka ciro ƙwayar gado guda ɗaya daga jikinta, wadda ake kira HBx, suka dasa ta a ƙwan kifin ta yadda ba za ta yi aiki a ko'ina ba sai a hanta. Masu bincike a Taiwan sun ga cewa idan ita kaɗai ce, takan tara kitse a hanta ta raunana ta, amma ba kasafai take kai ta ga sankara ba. Da suka haɗa ta da lalatacciyar p53, wato ƙwayar gadon da ke tsayar da duk wani ɓangaren jiki da ya fara hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, sai sankara ta bayyana a wasu daga cikin kifayen. Haka kuma, da aka ba masu ɗauke da HBx gubar aflatoksin, kumburi da lalacewar hantar sun tsananta.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Aflatoksin guba ce da fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ko buhu ba su gama bushewa ba, tafasawa ko suya ba sa kashe ta, kuma an daɗe da tabbatar da cewa p53 ɗin nan ce take lalatawa a hantar mutum. Abin da ya fi damuna shi ne, gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa Dawanau, wadda aka tsince kuwa ita ake bari a gida a yi ƙuli-ƙuli da kunu, yara su ci. A ɗaya gefen, binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manyan Nijeriya, da yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Ke nan abubuwa biyun da aka haɗa wa kifi da gangan, a ƙauyukan Kano da Jigawa suna haɗuwa da kansu a hanta guda.

Gaskiya ne kifi ba mutum ba ne, kuma maganin da ya yi masa aiki sai an sake gwada shi kafin ya isa asibiti. Amma rigakafin ciwon hanta nau'in B yana cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004, kuma allurar farko ana so jariri ya samu cikin sa'o'i 24 da haihuwarsa, domin kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu suna zama da cutar tsawon rayuwarsu. Inda aka haihu a gida, wajibi ne maigida ya kai jaririn asibitin sha-ka-tafi a ranar, ba sai bayan suna ba, wanzami kuma ya zo da sabuwar aska ga kowane yaro.