Me Ya Sa Masu Zana Taswirar OpenStreetMap Ke Ta Muhawara?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ku dubi wannan hanya da ke kan allo. Ta taso daga bakin titin kwalta, ta ratsa ƙauyuka uku, ta ƙare a kasuwar mako. Ba kwalta a kanta, jar ƙasa ce, amma motar haya na bin ta kullum, akori-kura na ɗauko hatsi ta kanta, mai naƙuda ma ta nan ake bi da ita zuwa asibiti. To wane suna za a ba ta a taswira? A kan irin wannan tambaya masu aikin sa kai na OpenStreetMap suka shekara suna ja-in-ja. In kuka gane tushen wannan saɓani, sauran za su zo muku da sauƙi.

Steve Coast ne ya kafa OpenStreetMap a Ingila a shekarar 2004, domin a sami taswirar duniya wadda kowa zai iya gyarawa, kowa kuma zai iya amfani da ita kyauta. Amma hoton nan da kuke gani idan kun buɗe ta, ba shi ne ainihin aikin ba. Ainihin aikin rumbun bayanai ne, kuma abubuwa uku kacal ke cikinsa. Akwai ɗigo, wato wuri guda mai lambobin da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Akwai layi, wanda jerin ɗigogi ne da aka haɗa, kuma layi ɗaya ba ya wuce ɗigo 2000. In layin ya zagayo ya koma inda ya faro, yana iya zama fili ko gini. Sai haɗaka, mai tattara ɗigogi da layuka su zama abu guda, kamar iyakar jiha ko hanyar da bas ke bi.

Layi shi kaɗai bai san ko shi kogi ne ko titi ko katanga ba. Laƙabin da aka manna masa ne ke faɗa. Laƙabi kuwa gida biyu ne, mabuɗi a hagu, amsa a dama, da alamar daidai a tsakani. Masallaci, alal misali, ana rubuta masa amenity=place_of_worship, a ƙara religion=muslim. Rijiya man_made=water_well ce, in tana da famfon tuƙa-tuƙa a ƙara pump=manual. Da Turancin Ingila ake rubuta su, da ƙananan baƙaƙe, ko da mai rubutun yana Zinder ko Tokyo.

Ga inda gizo ke saƙa: babu wata hukuma da ta tsayar da jerin laƙubban da aka halatta. Ka'idar ita ce kowa na iya ƙirƙiro laƙabin da ya ga ya dace, rumbun zai karɓa. Wannan 'yanci shi ya sa taswirar ta iya ɗaukar abin da waɗanda suka kafa ta ba su taɓa tunani ba, shi ne kuma ya sa abu ɗaya kan sami sunaye biyu ko uku. Daji, wasu na rubuta natural=wood, wasu landuse=forest, har yau ba a daidaita a kan bambancinsu ba. Lambar wayar kanti, wani ya sa phone, wani ya sa contact:phone. Gefen titi na masu tafiya a ƙasa, wasu na cewa a manna sidewalk=both a jikin titin, wasu na cewa a zana shi layi daban domin mai keken guragu ya san takamaimai inda zai tsallaka.

Mu koma ga hanyarmu ta jar ƙasa. Sabon shiga, musamman wanda ke zane daga nesa ta hoton tauraron ɗan'adam, da ya ga ba kwalta sai ya sa highway=track. Kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Laƙabin track na hanyar gona ne ko ta daji, wadda aikinta kai manomi gonarsa kawai. Mabuɗin highway amfanin hanya yake faɗa, ba irin shimfiɗarta ba. Hanyar da ta haɗa manyan birane primary ce ko trunk, ko da ta farfashe. Wadda ta haɗa gari da manyan ƙauyuka tertiary ce. Wadda ta haɗa ƙananan ƙauyuka unclassified ce, kuma kada kalmar ta ruɗe ku, ba tana nufin ba a san ajinta ba, sunan wani ajin ƙananan hanyoyi ne a tsarin Birtaniya. Ta cikin unguwa residential. Wadda mota ba ta iya bi, sai babur da jaki da ƙafa, path ce. Saboda yawan wannan ruɗani ne masu taswira suka rubuta jagora ta musamman mai suna Highway Tag Africa.

Shimfiɗar kuma laƙabinta daban. In ba ka tabbatar ba, surface=unpaved ya wadatar. In ka taka wurin da ƙafarka, sai ka faɗi takamaimai: compacted ga burjin da aka daddaɓe, gravel ga tsakuwa, sand ga yashi, ground ga ƙasa tsura. Inda hanya ta ratsa rafi babu gada, a sa ɗigo a mahaɗar, a ba shi ford=yes. Rafin da ke ƙafewa da rani a ba shi intermittent=yes.

Me zai faru in aka bar ta a track? Da yawa daga manhajojin nuna hanya na mota suna guje wa track, ko su lissafa mata tafiyar hawainiya. Sai a tura direba ya yi zagaye mai nisa, ko manhaja ta ce babu hanyar zuwa ƙauyen kwata-kwata. Mai lissafin nisan ƙauyuka daga asibiti shi ma lissafinsa zai fito a karkace, alhali mutanen wurin sun san hanyar tana nan, jiya ma sun bi ta.

To me ke jan mutane zuwa wannan kuskure? Zane ne. Bayan ka ajiye gyaranka, wata manhaja mai suna osm2pgsql na kwashe bayanan zuwa rumbun PostGIS, sai wata manhajar mai suna Mapnik ta zana su bisa wani salo da ake kira OpenStreetMap Carto. Salon nan shi ke cewa babban titi ya fito da launi kaza, track kuma ta fito da ɗige-ɗigen ruwan ƙasa. Ana yanka hoton murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya fiksel 256 a tsaye, 256 a kwance. A matakin zuƙowa na 0 duniya duka murabba'i ɗaya ce, kowane mataki kuma na ninka adadin sau 4, ta yadda a mataki na 19 ana maganar kusan biliyan 275. Shi ya sa ba a zana su duka a ajiye, kuma shi ya sa wani lokaci gyaranka kan bayyana a wani mataki cikin mintuna, a wani matakin sai ya ɗau lokaci. Kada ka sake zana abin don ba ka gan shi ba, za ka bar gini biyu ɗaya kan ɗaya.

Shekaru da yawa salon Carto ba ya bambanta titin kwalta da na ƙasa. Mai zane ya ga hanyar ƙauyensu ta fito fara tas kamar titin Landan, ransa bai so ba, sai ya mayar da ita track don ta yi kama da gaskiya. Niyyarsa mai kyau ce, amma ya gyara hoto ya ɓata bayani. Wannan shi ne abin da ake hanawa da ka'idar nan ta cewa kada ka yi wa laƙabi ƙarya don ka sami launi. An sha ganin irinsa: ramin yashin filin wasan golf a kira shi bakin teku don ya fito rawaya, ko gadon furanni a kira shi yankin masana'antu don launinsa ya yi kyau. Daga baya an ƙara wa salon alamar da ke nuna titin da ba kwalta, kuma wani salo daban mai suna Humanitarian ya daɗe yana nunawa.

Sai dai masu ƙorafi suna da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta. Abin da taswirar farko ta nuna, wato wadda ke fitowa da zarar an buɗe shafin OpenStreetMap, shi mutane ke zanawa. Abin da ta ƙi nunawa, sai ya zama kamar babu shi. Laƙabin highway=busway, na titin da aka keɓe wa bas, an amince da shi ta hanyar ƙuri'a, amma ya daɗe bai fito a taswirar farko ba, har wasu suka riƙa komawa tsohon laƙabi don kada titin ya ɓace. Masu kula da salon na cewa ba za a cusa komai a hoto ɗaya ba tare da ya cunkushe ba, kuma ba sa son su zama masu yanke hukunci a kan laƙabin da ba a gama daidaitawa ba. Masu zane na cewa ƙin nunawar ma hukunci ne. Kowa da gaskiyarsa a nan.

Ita ƙuri'ar ga yadda take. Mai shawara zai rubuta ma'anar sabon laƙabi da misalai, a bar shi aƙalla mako 2 ana tsokaci, sannan a buɗe ƙuri'a ta mako 2. Ana neman ƙuri'a 8 ba mai adawa, ko kuma aƙalla 10 da kusan kashi uku cikin huɗu suka amince. Amma amincewar ba ta tilasta wa kowa. Mutum talatin ne za su jefa ƙuri'a, alhali dubbai ke zane. Don haka kafin ka zaɓi laƙabi, duba Taginfo, shafin da ke ƙirga laƙubba, ka ga sau nawa aka yi amfani da shi, da waɗanne laƙubba ake haɗa shi, a kuma waɗanne ƙasashe.

Manhajojin gyara su ma ba su tsira ba. iD, wadda ke buɗewa a burauza tun 2013, ita ce ƙofar yawancin sababbi. Ba ka rubuta laƙabi da hannu, zaɓa kake yi daga jeri, ita kuma ta rubuta maka. Sauƙin nan ƙarfi ne babba, domin duk laƙabin da aka sa a jerin, nan da nan zai bazu a duniya. An yi zazzafar muhawara a kan haka lokacin da ta fara sa crossing=marked ga mashigar masu ƙafa, da kuma lokacin da ta riƙa ba da shawarar sabunta tsofaffin laƙubba da dannawa ɗaya. JOSM kuwa sauke ta ake yi a kwamfuta, da Java take aiki, koyonta na da ɗan wuya, amma tana da mai bincike da ke kamo kurakurai kafin ka tura. A waya akwai Vespucci, da StreetComplete mai yi maka tambaya ɗaya-ɗaya a kan abin da ke gabanka, da Every Door ta shaguna.

Kowace ka ɗauka, kurakuran da ake yawan yi ba sa canzawa. Hoton sama kan goce da 'yan mitoci, don haka a daidaita shi da sawun GPS kafin a fara, kada a ja titunan da wasu suka zana daidai zuwa kan gurɓataccen hoto. Tituna biyu da suka haɗu dole su yi tarayya a ɗigo ɗaya. In sun taɓa juna a ido kawai, manhajar nuna hanya ba za ta iya juyawa a wurin ba. Gini kuma a danna harafin Q a madannin kwamfuta don kusurwoyinsa su miƙe, zagayayyen ɗaki a danna O.

Ku dubi wannan gida daga sama: zaure a gaba, ɗakuna a jere a jikin katanga, tsakar gida a buɗe, rumbu a gefe. Wanda bai taɓa shiga irin gidan ba yakan zagaye shi duka ya ce building=yes. A'a. Abin da ke da rufi shi ne gini, kowane da zanensa. Katangar barrier=wall ce, unguwar baki ɗaya landuse=residential. Masu ƙiyasta yawan jama'a daga yawan gine-gine, don rabon rigakafi ko gidan sauro, da waɗannan zane-zane suke aiki.

Nan ne kuma ake ce-ce-ku-ce a kan Rapid, manhajar da Facebook ta fito da ita, mai kawo tituna da gine-ginen da na'ura ta hango a hoto, mutum ya duba ya amince. Tana da sauri ƙwarai. Amma rufin laka launinsa ɗaya da ƙasa, busasshen rafi na kama da hanya, kuma mai gaggawa kan yi ta danna amincewa ba tare da dubawa ba. Jama'ar taswira ba su manta da bayanan TIGER da aka zuba na titunan Amurka daga 2007 ba, waɗanda aka shafe shekaru ana gyaransu. Shi ya sa aka kafa ka'idoji: duk mai son zuba bayanai masu yawa, ko sauya laƙubba dubbai a lokaci guda, ko kamfani mai ma'aikatan zane, sai ya rubuta shirinsa ya tuntuɓi masu taswirar yankin tukuna. Kwafa daga Google Maps kuwa haramun ne gaba ɗaya, domin bayanan Google na da haƙƙin mallaka, ba su dace da ODbL ba, wato lasisin da OpenStreetMap ke raba bayananta a ƙarƙashinsa tun 2012.

Saura suna. Mabuɗin name na ɗaukar sunan da mutanen wurin ke kira, wanda ke jikin allon sunan wurin in akwai, sauran harsuna kuma kowanne da gurbinsa: name:ha na Hausa, name:fr na Faransanci, name:ar na Larabci. Kada a goge sunan da ke name don a sa na wani harshe, a ƙara a gurbin da ya dace. In ka ga wani ya yi gyaran da ba ka yarda da shi ba, kada ka mayar, shi ma ya mayar, ku yi ta yi. Kowane rukunin gyara na da wurin tsokaci a ƙarƙashinsa. Rubuta masa cikin ladabi, ka faɗi wane layi ne, me ka gani a wurin, yaushe ka je. In kun kasa daidaitawa, sai a kai maganar gaban kwamitin Data Working Group na gidauniyar OpenStreetMap, wanda ke da ikon mayar da gyara, ko dakatar da asusu na ɗan lokaci.