Galmi da albasar kwarin Majiya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa da bazara, warin albasa ne zai fara sanar da shi ya iso Galmi. Ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci na lodi zuwa Akara da Abijan. Galmi ƙauye ne a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, amma a kasuwannin Afirka ta Yamma sunansa ya fi na birane da yawa amo, albarkacin jar albasar nan mai yaji da ake kira da sunansa.

To amma ba Galmi kaɗai ke cika buhun ba. Ƙauyukan da ke jere a kwarin Majiya, tun daga wajajen Buza har gangarowa Dogerawa da Tsarnawa, su ne ke yayyafa iri bayan damina, su yi dashe cikin sanyin hunturu, su wuni a bakin rijiya suna ban-ruwa. Wannan kwari kuwa ya taɓa ganin tashin hankali. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, iska ta riƙa kwashe ƙasar noma tana binne shuka, har sai da mutanen ƙauyukan suka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE. Itatuwan suka girma, suka tare iska, gonaki suka farfaɗo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan wahala ke ƙarewa. Albasa takan nuna kusan lokaci guda, wajen watan Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Manomi kuwa da bashin taki da na man inji a wuyansa, ba shi da halin jira. Wanda ya daure ya zuba a rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, zafi da danshin damina su ruɓar masa da kaso mai yawa. Bayan 'yan watanni buhu ya yi tsada, amma a hannun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

Don haka kirana ga magadan gari da ƙungiyoyin manoma, a haɗa kai a gina rumbunan ajiya masu shan iska a ƙauyukan kansu, kusa da fadama, a kuma ba manomi rance a kan albasar da ya ajiye, ya samu na cefane har farashi ya tashi.